Fankar fitar da iska a banɗaki: cikin silin za ta zuba ko waje?

Sabon Maigida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu sani. Banɗakin da ke cikin ɗakin kwananmu ba shi da taga ko ɗaya, don duk bangayensa huɗu a cikin gida suke. Da an yi wanka da ruwan zafi sai madubi ya rufe, tayil ya yi ta gumi, yanzu ma baƙar funfuna ta fara fitowa a kusurwar silin, fenti yana ɓarewa. Na kira mai wayarin, ya ce a huda silin a saka fankar da ke zuƙe iska, ta riƙa tura ta cikin rufi, wai can sama akwai fili, za ta watse da kanta. Kafin in ce masa ya fara, haka ake yi? Faɗin banɗakin mita 2, tsawo mita 2.5, daga ƙasa zuwa silin mita 3.

Ɗan Wayarin: Wa alaikumus salam. Abokin sana'ata bai faɗi ƙarya ba, haka da yawa suke yi, ni ma na sha ganin an yi. Ka taɓa leƙa cikin rufi da rana tsaka? Zafin da ke ƙarƙashin kwano ko jiƙaƙƙen tawul ka rataye sai ya bushe ƙamas. Ɗan tururin wanka nawa yake?

Kawu Magini: Ku yaran nan komai sai na'ura. Banɗaki taga yake so. Wanda ya zana gidan nan ya bar banɗaki a tsakiya ba mafitar iska shi ne ya jawo maka. In da hali a nemi inda za a fasa, ko da ƙaramar taga ce can sama kusa da silin. Taga ba ta cin wuta, ba ta lalacewa, ba ta ƙara.

Sabon Maigida: Allah ya ƙara girma Kawu, ai babu inda za a fasa. Duk bangon da aka huda, ɗakin wani za a faɗa. Bangon waje mafi kusa sai an tsallake ɗan koridon da ke gefe, kamar mita 4 ta cikin silin.

Injiniya: Malam Sabon Maigida, kada ka yarda a sake ta cikin rufi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ruwan da ke lalata maka silin daga ƙasa zai koma yana lalata shi daga sama, inda idonka ba ya kaiwa.

Ɗan Wayarin ya yi maganar zafin rana, gaskiya ne, amma ya manta da dare. Yawancin wanka da ruwan zafi da asuba ake yi ko da daddare, lokacin da kwano ya huce. Ƙarfe yana saurin sakin zafinsa, a daren da sama ta washe har yakan fi iskar waje sanyi. Iska mai ɗumi da ta ƙoshi da tururi ta taɓa shi, nan take ruwa ya kwanta a cikinsa, ya ɗiga kan katakon rufi da bayan silin. Ba a wata ɗaya ake gani ba. Sai an daɗe a ga taswirar ruwa ta fito a silin, a hau neman inda kwano ke yoyo alhali lafiyarsa lau. Katako kuma in ya daɗe a jiƙe yakan ruɓe, ƙusoshi su yi tsatsa.

Na biyu, cikin rufin ba naka kaɗai ba ne, a haɗe yake da na sauran ɗakuna. Duk warin da ka tura can zai sauko ta ramin fitilu da ƙofar shiga silin. Har banɗakin da kansa zai iya sake jawo iskar da ya fitar ta gefen fitilarsa, ta yi ta zagaye.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Kundin dokokin ginin gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke bi ya faɗa ƙarara cewa iskar da aka zuƙo daga banɗaki waje za a kai ta, ba cikin rufi ba, ba ƙarƙashin daɓe ba.

Ɗan Wayarin: Injiniya, can ai ƙasar sanyi ce, ƙanƙara ke kwanciya a kan rufinsu. Ba za ka ɗauko dokarsu ka ɗora wa kowa ba.

Injiniya: Na yarda a wurin sanyi ɓarnar ta fi sauri. Amma dokar ba ta ware jihohinsu masu zafi da laima ba, kuma wari bai san sanyi ko zafi ba. Ka kuma tuna gidan bene ko mai rufin kankare da silin a ƙasansa. Nan fa ba ko ɗan sararin da iska za ta fita, akwati ne rufaffe.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Namu banɗakin akwai fankar, a bango take, kai tsaye waje take fitarwa, amma wallahi ban ga amfaninta ba. Ƙara kawai take yi, madubi yana nan a rufe har a gama shiri. Shi ya sa nake ganin maganar Kawu.

Injiniya: Hajiya, ki yi wannan gwajin. Ki kunna ta, ki rufe ƙofa, ki kara falle ɗaya na tishu a fuskarta. In ta riƙe shi, tana ja. Sai ki sake gwadawa ƙofa a buɗe. Ki faɗa mana abin da kika gani.

Maman Biyu: Ikon Allah. Da ƙofa a rufe da ƙyar ya manne, sai ya zame. Da na buɗe ƙofa ya manne ɗam.

Injiniya: To fankarki lafiyarta ƙalau, ƙofar ce. Fanka ba ta iya fitar da iska sai wata ta shigo ta maye gurbinta. Kamar ka kafa baki a bakin kwalba kana zuƙa ne, bayan ɗan ja na farko ba abin da zai ƙara fitowa, komai ƙarfinka. Ina kyautata zaton ƙofarki ta zauna daram a kan tayil. A kira kafinta ya rage mata ƙasa kamar santimita 1. A Ingila ma haka ƙa'idarsu ta ce, milimita 10 tsakanin ƙofa da daɓe. Kada ki raina shi: ƙofa mai faɗin santimita 76 in aka bar mata santimita 1, ƙofar iskar da aka samu ta kusa daidai da bakin fayif mai inci 4. In ƙofar ƙarfe ce ko alminiyam da ba a iya ragewa, a yanka ƙasanta a saka 'yar raga mai ratsi.

Sabon Maigida, kai ma ka riƙe wannan, don ya fi zaɓen fankar muhimmanci.

Maman Biyu: To in na bar 'yar tagar da ke gefen fankar a buɗe fa? Ai iska ce dai za ta shigo.

Injiniya: Za ta shigo, ta kuma fice nan take. Iska gajeriyar hanya take bi. Taga na dab da fanka, sai ta shigo ta nan ta fita ta can, tururin da ke wajen shawa yana nan bai motsa ba. Ana son mashiga a wannan ƙarshen, mafita a wancan, iskar ta ratsa ɗakin duka. Shi ya sa ake saka fanka can sama kusa da wurin wanka, nesa da ƙofa.

Kawu Magini: Kun ga ni? Ku huda bango, ku yanke ƙofa, ku ja waya, duk don abin da taga ɗaya za ta yi.

Malamar Asibiti: Kawu, a gafarce ni, taga tana aiki ne ranar da iska ke kaɗawa. Ranar da gari ya yi tsit, ko ana ruwa an rufe ta, shi ke nan. Kuma mata da yawa ba sa buɗe tagar banɗaki lokacin wanka, kowa ya san dalili. Funfunar nan ba munin gani kaɗai ba ce, tana tayar wa masu asma da masu atishawa ciwonsu. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar laimar cikin gida kada ta kai kashi 60 cikin 100, an fi so ta tsaya tsakanin 30 da 50.

Sabon Maigida: Na gamsu, waje za a kai ta. Yanzu wace iri zan saya? Na ga masu inci 4 da masu inci 6, duk kamarsu ɗaya a idona.

Injiniya: Fara da lissafi. Ninka faɗi da tsawo da tsayi: 2 sau 2.5 sau 3, kubik mita 15 ke nan na iska a banɗakinka. Abin da aka saba bi shi ne a canza iskar banɗaki sau 8 a awa, ka ga 120 ke nan a awa. Dokoki sun fi haka sassauci. Ingila ta ce aƙalla lita 15 a daƙiƙa, wato kubik mita 54 a awa. Amurka ta ce 50 da ma'auninsu na CFM, wato kubik ƙafa a minti, wajen kubik mita 85 a awa. Amma waɗannan mafi ƙaranci ne, kai kuma ba ka da taga, silinka da tsayi, don haka nemi 120 ko sama.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne lambar da ke jikin kwali. Sau da yawa an auna ta ne fanka tana hurawa a fili, ba fayif a bayanta. Da ka jona mata fayif mai tsawo da gwiwa biyu, abin da za ta fitar zai ragu sosai.

Kuma iri biyu ne. Akwai mai fukafukai irin na fankar tebur, wadda ke tura iska miƙe. Wannan ta bango ce, inda daga ita sai waje, ko fayif ɗan gajere. Ba ta da ƙarfin tura iska ta doguwar hanya. Akwai kuma mai ganga a ciki, wadda ke juya iskar ta cilla ta gefe da ƙarfi. Ita ce ta dogon fayif. Mita 4 ɗinka wannan yake so, ko kuma wadda ake ɗaurawa a tsakiyar fayif can cikin silin, a banɗakin raga kawai za a gani. Ta ƙarshen ta fi shiru saboda motar tana nesa da kunne, sai dai a bar ƙofar da za a riƙa kai mata hannu.

Falamba: Bari in ɗora a kan maganar fayif, don nan ne fagena. Ka sa mai santsin ciki, irin na roba mai tauri. Wannan mai lanƙwasa kamar maƙogwaro yana da sauƙin sakawa, shi ya sa ma'aikata ke son sa, amma ƙwarƙwaron cikinsa yana tare iska, kuma yakan yi ciki a tsakiya ruwa ya taru. Na taɓa sauke wani da ruwa ya cika cikinsa har iska ba ta wucewa. In dole sai shi, a ja shi ya miƙe sosai, a ɗaure shi a wurare da yawa.

Kada a rage girma. Bakin fanka inci 6 ne, fayif ma inci 6 har waje. Gwiwa a rage ta iya yiwuwa, kada kuma a sa ta dab da bakin fankar. A ɗan karkatar da fayif ɗin ya gangara wajen waje, don ruwan da ya kwanta a ciki ya zube can, kada ya dawo kan motar ko kan mai wanka. A liƙe duk mahaɗa da tef ɗin alminiyam.

Mai Haya: Ni kuma tawa matsalar daban ce. Tun da mai gidanmu ya saka mana fankar, in aka kunna ta wari ƙaruwa yake, irin na masai. In an kashe sai ya lafa. Me ke kawo haka?

Falamba: Malam, duba magudanar da ke ƙasan banɗakin. A ƙarƙashin kowace magudana ya kamata a sami lanƙwasa mai riƙe ruwa kamar santimita 5, ruwan nan shi ne murfin da ke hana iskar masai hawowa. In ba a saka ta ba tun farko, ko ruwan ya ƙafe saboda an daɗe ba a zuba ba, to rami ne a buɗe har cikin masai. Fanka na neman iska, ƙofa a toshe, sai ta jawo daga can. Zuba bokitin ruwa a magudanar ka gani. In warin ya tsaya, ƙafewa ce. In bai tsaya ba, ko babu lanƙwasar, ko gindin masan zaman ya saki. Ka kuma duba ƙasan ƙofarku kamar yadda aka gaya wa Hajiya.

Tun da an zo nan: kada wani ya yi dabarar jona fayif ɗin fanka da fayif ɗin numfashin masai da ke hawa saman rufi, wai don gudun huda bango. Da fanka ta tsaya, iskar masai ce za ta biyo ta sauko.

Ɗan Wayarin: To, an kayar da ni a maganar rufi, amma ta wuta tawa ce, ku saurara. Banɗaki ba falo ba ne. Jiƙaƙƙen jiki da ƙafa ba takalmi, wutar da za ta ɗan fizge ka a falo a nan kashewa take. Ƙa'idar wayarin ta raba banɗaki shiyya-shiyya. Saman wurin wanka har tsayin mita 2.25 shiyya ce mai haɗari, sai kuma santimita 60 da ke kewaye da shi. Duk fankar da za ta zauna a nan dole a ga IPX4 ko sama a jikinta, ma'ana fantsamar ruwa ba ta shiga. Layin kuma ya bi ta na'urar RCD mai 30mA, wadda ke yanke wuta da ta ji tana zurarewa. Bireka ta yau da kullum waya take karewa, ba mutum ba. Akwai fankoki masu bolt 12 da ake ajiye taransifomarsu nesa da ruwa, in silin gajere ne su na fi so. Sabon Maigida, silinka mita 3 ne, ka wuce shiyyar, amma duk da haka sayi mai IPX4, tururi ba ya duba tef ɗin awo.

Makunni a waje, bakin ƙofa. Kuma don Allah wanda bai iya ba kada ya gwada da kansa.

Sabon Maigida: A haɗa ta da makunnin fitila ko a ware mata nata?

Ɗan Wayarin: Banɗaki marar taga, haɗa da fitila, ka sayi mai taima. Kowa ya shiga dole ya kunna fitila, fanka ta tashi, in ya fita ya kashe ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci ta tsaya da kanta. A Ingila minti 15 suka sa wa banɗakin da ba taga, masu ƙera fankoki a Amurka minti 20 suke cewa bayan wanka. Dalili, ruwan da ke kan tayil da labule da tawul yana ci gaba da tashi bayan an fita. Amma ka gaya wa mai aikinka tun wuri, mai taima waya uku take so: layif na dindindin, layif mai bi ta makunni, da nutural. Saboda akwai wuta a jikinta ko fitila na kashe, a sa mata makunnin da ke yanke duka ukun, don ranar gyara ko shara.

Maman Biyu: Ni ban goyi bayan haɗawa da fitila ba, musamman banɗakin cikin ɗakin kwana. Mutum ya tashi tsakar dare ya shiga minti ɗaya, fanka ta yi ta gurnani minti 20, jariri ya farka. Ƙarshenta sai a cire mata waya gaba ɗaya.

Ɗan Wayarin: Hajiya, akwai waɗanda ba sa tashi sai fitila ta yi kamar minti biyu a kunne. Shigar gaggawa ba ta tayar da su.

Injiniya: Maganar Hajiya abin dubawa ce, fanka mai ƙara ba a kunna ta. A duba lambar ƙara a kwali. Wasu da dB suke rubutawa, wasu da sone, kuma sone 1 ko ƙasa da haka shi ake kira mai shiru. Babbar fanka da ke juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru. Akwai kuma mai na'urar jin laima, ta tashi da kanta in tururi ya yi yawa. Tana da kyau, sai dai a wurin da iskar waje kanta take da laima, in an saita ta ƙasa sosai ba za ta taɓa tsayawa ba, sai an ɗaga saitin.

Malamar Asibiti: Abu ɗaya ba a taɓo ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Duk wanda ke da hitar ruwa mai aiki da gas a cikin banɗaki ko dab da shi, irin wadda ke shan iskar ɗaki ta fitar da hayaƙi ta bututu, kada ya saka fankar nan sai masani ya duba. Fankar na iya jawo hayaƙin ya dawo ciki maimakon ya fita. Kabon monoksayid, gubar da ke cikin hayaƙin nan, ba shi da launi ba shi da wari. Ciwon kai, jiri, kasala, sai mutum ya faɗi a bayan rufaffiyar ƙofa.

Kawu Magini: Wannan gaskiya ce 'yata. To tun da kun nace sai an huda bangon waje, ku ji nawa. Kada a huda lintel, wato kankaren da ke saman ƙofa ko taga, ko ginshiƙi, akwai rodi a ciki, shi ke ɗauke da ginin. Kada a huda saitin soket ko makunni, sama ko gefe, nan waya ke bi. A yi da injin huda mai zagaye, ba guduma da kurfi ba, in ba haka ba filasta za ta tsage har inda ba a zata ba. Ramin ya ɗan fi fayif faɗi, a cike gefen da kyau kada ruwan sama ya bi. Kuma bakin ya yi nesa da tagar wani ɗaki, kamar mita ɗaya, kada abin da kuka kora ya shiga wa wani.

Mai Haya: Na zuba ruwan, warin ya tsaya. Falamba, Allah ya saka. Tambaya ta ƙarshe, bakin na waje a sa masa ragar sauro? Ina gudun ƙadangare da tsuntsaye.

Falamba: Amin. Raga mai ƙananan ido tana toshewa da ƙura da zaren tawul, in ta jiƙe kuma ta zama tabo, fanka ta koma ba ta fitar da komai. Sa murfi mai 'yar rumfa da marfin da iska ke turawa ya buɗe, ya rufe in fanka ta tsaya. Shi zai hana ƙwari da iskar waje shigowa. In ka ƙara raga, mai manyan ido, kuma inda tsani zai kai.

Maman Biyu: Marfin nan ne ke ƙwas-ƙwas duk daren da ake iska?

Falamba: Shi ne, Hajiya. Masu falle-falle a fili sun fi yi. A canza da mai rumfa, ko a cire na wajen a sa marfi mai sifirin, ɗan ƙarfen da ke mayar da shi ya rufe, a cikin fayif. In ba a son canji, a liƙa siririn soso a inda yake bugawa, amma kada ya yi kaurin da zai hana shi rufewa. Ki kuma sa a kashe wutar fankar a cire fuskarta a wanke, a goge fukafukan, kamar sau biyu a shekara.